Hayar wata biyu ta taru a kaina, an ba ni takardar tashi: ta ina zan fara?

Baban Uku:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau lalura ta sa dole in yi magana. Wata huɗu ke nan da aka rage mana kwanakin aiki a inda nake aiki, albashi ya ragu da kusan rabi, kuma a dalilin haka kuɗin hayar wata biyu ya taru a kaina. Shekaranjiya na dawo gida na tarar da takarda daga mai gidan, yana cewa in biya abin da yake bi na gaba ɗaya ko kuwa in tashi in ba shi gidansa. Shekararmu shida a gidan, ni da iyalina da yara uku, ban taɓa saɓa masa ranar biya ba sai a wannan karon. Gaskiyar magana ita ce, tun da bashin ya fara taruwa na daina ɗaukar wayarsa, domin ban san abin da zan ce masa ba, kuma har yanzu ban gaya wa uwar yaran cewa takarda ta zo ba. Zuciyata ta rabu biyu: ko in tattara kayana in fita da mutuncina tun ba a kai ga kotu ba, ko in ci bashi a irin manhajojin nan na waya in biya shi in huta. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan al'amarin.

Ƙanin Kowa:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya kawo mafita. A ganina, idan mai gida ya kai ga rubuta takarda, to zaman ya riga ya ƙare, kuma babu abin da ya fi zafi kamar a wayi gari a ga kayan mutum a bakin titi yaransa suna kallo. Da ni ne, sai in kai iyali wurin 'yan'uwa na ɗan lokaci, in miƙa masa makullinsa, in nemi ɗaki mai sauƙin kuɗi daga baya.

Tsohon Magatakarda:

Ɗana Ƙanin Kowa, na san da kyakkyawar niyya ka yi magana, amma wannan shawarar ita ce wadda na ga ta fi kowace jefa mutane cikin wahala a tsawon shekarun da na yi ina aikin rajista a kotu. Baban Uku, kada ka miƙa makulli, kuma kada ka fitar da ko cokali daga gidan nan, sai ka san inda za ka.

Takardar da ke hannunka ba hukunci ba ce. A mafi yawan ƙasashen da ke da dokar haya, korar ɗan haya tana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya: mai gida ya ba da notis a rubuce da wa'adin da doka ta tanada, wa'adin ya cika, ya shigar da ƙara, a kawo maka sammaci, a saurari ɓangarorin biyu, alƙali ya yanke hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zo su aiwatar da shi. Kai yanzu kana kan matakin farko ne kawai. Tsakanin wannan mataki da na ƙarshe akwai makonni, wani lokacin watanni, kuma waɗannan kwanakin su ne jarin da ya rage maka. Wanda ya tashi don kunya ya yar da jarin nan da hannunsa, ga shi kuma bashin bai faɗi ba, domin mai gida zai ci gaba da bin sa kuɗinsa ko yana cikin gidan ko ba ya ciki.

A daren yau ka ɗauko takardar yarjejeniyar haya ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ka ajiye ta kusa da notis ɗin. Ka duba ko an rubuta sunanka da adireshin gidan daidai, ko akwai kwanan wata da sa hannu, ko wa'adin da aka ba ka ya yi daidai da abin da yarjejeniya da dokar inda kake suka faɗa, kuma ko adadin bashin da aka rubuta ya yi daidai da rasit ɗin da ke hannunka. Na sha ganin ƙarar da aka kora saboda an gajarta wa'adin notis, mai gida ya koma ya faro daga tushe. Ba ina koya maka hanyar cin haƙƙin mutum ba ne, domin kuɗinsa dai sai ka biya shi. Ina so ne ka san tsawon igiyar da ke hannunka.

Abu na biyu, ka gaya wa uwar yaranka yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma gwamma ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin mai kawo sammaci.

Uwar Marayu:

Ni kuwa bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin na lura duk lokacin da aka taso da wannan zance sai a mayar da mai gida kamar wani azzalumi mai tarin dukiya. Ɗakuna biyu mijina ya rasu ya bar mini, da kuɗin hayarsu nake biya wa yara kuɗin makaranta, da shi nake gyara rufi idan ya fara yoyo. Idan ɗan haya ya riƙe mini wata biyu, ni ma sai na ci bashi.

Malam Baban Uku, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma abin da ya jawo maka takardar nan ba bashin wata biyu ba ne, ƙin ɗaukar waya ne. Mutumin da ya shekara shida yana biya a kan kari, babu mai gida mai hankali da zai so ya rabu da shi, domin ɗakin da ya zauna babu kowa asara ce, gyara da fenti asara ce, kuɗin dillali da na lauya asara ce, kuma ba ka san halin wanda zai shigo ba. Amma idan na kira ka sau biyar ba ka ɗauka ba, abin da zai zo mini a rai shi ne kana shirin guduwa da kuɗina. Na taɓa samun ɗan haya da ya zo da ƙafarsa tun kafin wata ya ƙare ya ce mini aikinsa ya tsaya, muka zauna muka tsara yadda zai biya, kuma har yau yana nan. Na kuma taɓa samun wanda ya riƙa bin bayan gida don kada mu haɗu, wannan sai da muka rabu baram-baram, alhali bashinsa bai kai na wancan ba.

Baban Uku:

Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma ban da ta cewa. Abin da ke hana ni kiransa shi ne ba ni da kuɗin da zan ba shi gaba ɗaya, kuma ina jin nauyin in je masa hannu rabbana. Shi ya sa tunanin bashin manhaja ya zo mini.

Wanda Ya Gani:

Ɗan'uwa, ka rufa wa kanka asiri ka nisanci bashin nan. Ni ba ɗan haya ba ne a lokacin da abin ya same ni, gidana ne na kaina da na saya da rancen banki, ina biya duk wata. Da kasuwa ta juya mini baya na kasa biyan wata uku, maimakon in je bankin in yi musu bayani, sai na ci bashi mai kuɗin ruwa mai yawa na rufe gibin. Wata na gaba ga kuɗin banki ya sake zagayowa, ga kuma masu sabon bashi suna kira dare da rana, har suna aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayata. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Saboda su ne suka fi matsa mini, sai na riƙa ba su duk abin da ya shigo hannuna, na bar bashin gidan yana hauhawa, har aka kai ga yin gwanjon gidan a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba.

Abin da na koya, bayan na riga na rasa gidan, shi ne ba a auna bashi da ƙarfin muryar mai bin sa, ana auna shi ne da abin da za ka rasa idan ba ka biya ba. Wanda ya ba ka rance ba tare da jingina ba, yana iya cika maka kunne, zai iya kai ka ƙara, amma ba zai iya fitar da yaranka daga ɗaki gobe da safe ba. Saboda haka kuɗin muhalli shi ne a gaba, sai wuta da ruwa da abin da za a ci, sauran basussuka su biyo baya, a rubuta musu a nemi su jinkirta.

Ga masu rancen gida da ke karanta wannan, daga baya ne na gano cewa bankuna da yawa suna da hanyoyin sassauci idan mutum ya je da wuri: a tsawaita shekarun biya don abin da ake cirewa duk wata ya ragu, ko a yarda ka riƙa biyan kuɗin ruwa kaɗai na 'yan watanni, ko a ɗora abin da ya taru a kan uwar kuɗin. Ko da ta tabbata ba za ka iya riƙe gidan ba, ka sayar da shi da kanka cikin natsuwa ya fi a yi maka gwanjonsa. Sannan ku yi hattara da masu zuwa da daɗin baki su ce ka sa musu hannu a takardun gida su biya maka bashin, ka ci gaba da zama a matsayin ɗan haya. A rikicin rancen gidaje na shekarar 2008 a Amurka, inda miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, irin wannan damfarar ta cinye mutane da dama.

Ɗalibar Shari'a:

Ina so in ƙara a kan abin da Baba Magatakarda ya faɗa, domin tunanin cewa a tari matsalar tun mutum yana cikin gidansa ya riga ya shiga dokokin wasu ƙasashe. A Ingila, dokar da aka yi a 2017, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2018, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta taimaki duk wanda ya cancanta kuma ake ganin zai iya rasa muhallinsa cikin kwana 56, alhali a da kwana 28 ne. Yankin Wels na Birtaniya ya riga su yin haka da dokarsa ta 2014. Taimakon ya haɗa da zama da mutum a rubuta tsarin abin da shi zai yi da abin da hukuma za ta yi, da shiga tsakaninsa da mai gida, wani lokacin har da taimakawa wajen rage bashin ko biyan kuɗin ajiya na wani gidan. Akwai kuma wani abu a dokar tasu da ya shafi shawarar Ƙanin Kowa kai tsaye: idan hukuma ta ga mutum ya bar gidan da yake da ikon ci gaba da zama a ciki da gangan, tana iya rage nauyin da ke kanta na nema masa muhalli na dindindin. Wato fita da wuri don kare mutunci yana iya rufe wa mutum ƙofar taimako.

A Jamus kuma, mai gida yana da ikon soke haya nan take idan bashi ya kai na wata biyu, amma idan ya shigar da ƙarar kora saboda bashi, kotu da kanta take sanar da ofishin jin daɗin jama'a don su shigo ciki, kuma idan aka biya bashin cikin wata biyu da isar da sammaci, wannan sokewar ta gaggawa tana faɗuwa. A Faransa ba a aiwatar da korar ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi, ko da yake bashin yana nan kuma shari'a ba ta tsayawa. A Afirka ta Kudu, kundin tsarin mulki na 1996 ya ce ba za a fitar da kowa daga gidansa ba sai da umarnin kotu, bayan ta duba duk yanayin da ake ciki.

Ban kawo waɗannan don in ce haka dokar take a inda Malam yake ba. Na kawo su ne don ya ga cewa ya dace ya je ofishin hukumar yankinsa mai kula da gidaje ko jin daɗin jama'a, da ofishin ba da agajin shari'a kyauta, ya tambaya tun yanzu, ya tafi da notis ɗin da yarjejeniya da rasit da takardar da ke nuna an rage masa albashi.

Ƙanin Kowa:

'Yar'uwa, duk wannan yana da daɗin ji, amma doka a takarda daban, abin da ke faruwa a ƙofar gida daban. Mutane nawa ne a duniya suke zaune a gidan haya babu ko takardar yarjejeniya? Masu gida nawa ne ke jiran kotu? Wani sai dai ka dawo ka tarar ya canza kwaɗo, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya cire ƙofa. A irin wannan hali, ina amfanin sanin kwana 56 na wata ƙasa?

Tsohon Magatakarda:

Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan yi maka musu ba cewa ana yin haka. Amma ka raba abu biyu: abin da mai gida yake iya yi da ƙarfi, da abin da doka ta ba shi ikon yi. Canza kwaɗo, yanke wuta da ruwa, cire rufi ko ƙofa, zubar da kaya a waje ba tare da umarnin kotu ba, duk waɗannan a wurare da yawa saɓa wa doka ne, a wasu wuraren ma laifi ne da ake hukunta mutum a kansa, kamar yadda yake a Ingila a ƙarƙashin dokar 1977. Mai gidan da ya san ɗan hayarsa ya san wannan, ya kuma ga yana ajiye shaida, yakan yi tunani sau biyu. Wanda ake yi wa haka ya ɗauki hoto, ya rubuta rana da lokaci, ya samu shaidu daga maƙwabta, ya kai rahoto, kada kuma ya ɗaga hannu ko ya yi zagi, domin da zarar ya yi haka an bar maganar gida an koma maganar faɗa.

Game da rashin takardar yarjejeniya, rashinta ba ya nufin babu haya. Rasit, saƙon banki na tura kuɗi, saƙonnin waya tsakaninka da mai gida, takardar kuɗin wuta mai adireshin gidan, duk suna tabbatar da cewa kai ɗan haya ne. Shi ya sa nake ce wa mutane kada su biya haya hannu da hannu ba tare da wata alama ba, ko da mai gidan ɗan'uwansu ne.

Sai dai akwai waɗanda kariyarsu ta fi rauni, kuma ya kamata a faɗa musu gaskiya. Wanda ke zaune a ɗaki cikin gidan da mai gidan da kansa yake zaune, da wanda wurin aikinsa ne ya ba shi gida, da wanda ɗan'uwa ko aboki ya ajiye shi kyauta, sau da yawa ana iya tashinsu da ɗan gajeren wa'adi. Su waɗannan ba su da dogon lokacin da nake magana a kai, saboda haka su fara neman wani wurin tun ranar da suka ga fuska ta canza.

Malama Mai Nazari:

Ina goyon bayan Ƙanin Kowa a kan abu ɗaya: nauyin bai kamata ya tsaya a kan ɗan haya shi kaɗai ba. Muna ta ce wa Baban Uku ya yi kaza ya yi kaza, alhali abin da ya raba shi da kwanciyar hankali kuɗin wata biyu ne kacal, kuma abin da jama'a za su kashe idan iyali mai mutum biyar suka rasa matsuguni ya ninka wannan sau da yawa, ban da karatun yara da zai katse da aikin da shi kansa zai iya rasawa idan ba shi da wurin kwana.

An gwada wannan a aikace. A birnin Shikago na Amurka akwai layin waya da masu fuskantar kora ke kira su nemi ɗan agajin kuɗi na lokaci ɗaya, kuma kuɗin asusun wani lokaci yana nan, wani lokaci ya ƙare. Masu bincike suka kwatanta waɗanda suka kira ranar da akwai kuɗi da waɗanda suka kira ranar da babu, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2016: waɗanda suka dace da ranar da akwai kuɗi, yiwuwar su ƙare a gidan kwanan marasa galihu cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin 100. A 2017 kuma birnin Niyok ya zama na farko a Amurka da ya yi dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta idan ana neman korarsu, saboda an lura a zauren kotu kusan kowane mai gida yana da lauya, ɗan haya kuwa shi kaɗai yake tsayawa. Ƙasar Finlan, wadda ta rage yawan marasa muhalli daga kusan 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022, an fi saninta da tsarin ba mutum gida tukuna kafin a shiga sauran matsalolinsa, amma wani ɓangare na aikin nasu shi ne masu ba da shawara kan zaman haya, waɗanda ke tuntuɓar ɗan haya da zarar bashi ya fara taruwa.

Abin da nake nufi shi ne, Malam kada ya ji kunyar neman agaji daga hukuma, ko ƙungiyoyin jinƙai, ko wuraren ibada, ko asusun taimakon juna na wurin aikinsa idan akwai. Neman kuɗin wata ɗaya a yau ya fi sauƙi ga mai bayarwa a kan neman matsugunin mutum biyar bayan wata uku.

Uwar Marayu:

Malama, na yarda da batun agajin kuɗi, domin shi yana amfanar kowa, ɗan haya ya zauna, mai gida ya samu haƙƙinsa. Amma ina da ja a kan yawan tsawaita wa'adi da jan shari'a. Idan doka ta sa fitar da wanda ya ƙi biya ya zama aikin shekara guda, irina masu ɗaki ɗaya ko biyu za mu daina ba mai ƙaramin ƙarfi haya, ko mu ce sai ya kawo mai tsaya masa da kuɗin watanni masu yawa a gaba. A ƙarshe talakan da ake son karewa shi zai rasa mai ba shi ɗaki.

Ɗalibar Shari'a:

Hajiya, wannan ƙorafi ne da masana ke muhawara a kansa har yanzu, kuma ba zan ce ba ki da hujja ba. Abin da zan ce kawai shi ne, ko kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa, a bayaninsa na 1997 kan korar mutane daga gidajensu, bai ce kada a tashi wanda ya ƙi biyan haya ba. Ya amince cewa kora tana iya halatta idan an daɗe ana ƙin biya, amma ya ce a bi hanyar doka, a ba da isasshen wa'adi, a ba mutum damar kare kansa, kuma hukuma ta yi iya ƙoƙarinta kada korar ta bar shi a titi. Nauyin samar da mafaka a kan hukuma yake, ba a kan gwauruwa mai ɗaki biyu ba.

Tsohon Magatakarda:

Mu dawo kan mai tambaya, kada muhawara ta ɗauke mu mu bar shi da takarda a hannu. Baban Uku, ba sai kana da kuɗin gaba ɗaya za ka je wurin mai gida ba. Ka zauna da iyalinka ku rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita a wata, ku ga abin da za a iya yankewa, sannan ka fitar da adadin da ka tabbata za ka iya ɗorawa a kan hayar kowane wata. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don ka faranta masa rai a zaman farko, domin alkawari ƙarami da aka cika ya fi babba da aka saɓa a wata na biyu. Ka je da wani abu a hannu komai ƙanƙantarsa, ka tafi da mutum ɗaya da ku biyun kuke ganin girmansa, kuma duk abin da kuka amince a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kofi.

Idan ya ƙi karɓa, kada ka kashe kuɗin, ka ware shi gefe, ka kuma aika masa tayin a rubuce don ya zama shaida. Idan sammaci ya zo, ka halarci zaman ko da ba ka da lauya. Yawancin hukuncin kora da na rubuta da hannuna an yanke su ne kujerar wanda ake ƙara babu kowa, alhali alƙalai da yawa suna da ikon ɗage kora ko su amince da biya kaɗan-kaɗan idan mutum ya zo da lissafi mai ma'ana.

Duk da haka ka fara duba wani gidan mai sauƙin kuɗi tun yanzu, ka kuma tattara takardun haihuwa da na makaranta da na asibiti a jaka ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan lissafi ya nuna albashinka na yanzu ba zai iya ɗaukar wannan gidan ba ko an yafe maka bashin, to abin da za ka nema a wurinsa shi ne lokaci da takardar shaidar cewa ka shekara shida kana biya, ka fita a ranar da ka zaɓa zuwa wurin da ka riga ka kama.

Baban Uku:

Na dawo in ba ku labarin inda aka kwana. Na gaya wa uwar yaran a daren da na karanta amsoshinku, ashe ta riga ta ga takardar ta mayar da ita inda take, tana jira ta ga ranar da zan buɗe baki. Jiya na je wurin mai gidan tare da wani dattijo maƙwabcinmu. Da farko ya yi faɗa sosai a kan wayar da na ƙi ɗauka, kamar yadda Hajiya ta faɗa, kuma na ba shi haƙuri. Na ba shi rabin kuɗin wata ɗaya, ya amince in riƙa biyan haya a kan kari tare da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu har bashin ya ƙare, wato wata shida. Sai dai ya ce ba zai janye notis ɗin ba, zai ajiye shi ne kawai ya ga kamun ludayina. Ban ci bashin manhajar ba. Baba Magatakarda, shin in sa hannu a haka?

Tsohon Magatakarda:

Kada ka sa hannu tukuna. Ka roƙe shi a ƙara layi ɗaya da ke cewa muddin kana biya bisa wannan tsari ba zai shigar da ƙara a kan wannan notis ɗin ba, a kuma rubuta ainihin adadin bashin da ya rage da ranar biya ta kowane wata, a sa rabin da ka ba shi jiya a ciki tare da rasit. Dattijon da ya raka ka ya sa hannu a matsayin shaida. Kafin nan ka kai takardar ofishin agajin shari'a su duba maka ita, domin a wasu wuraren notis yana mutuwa idan an ɗauki wani lokaci ba a yi amfani da shi ba, a wasu kuma yana nan da ransa, kuma ya kamata ka san wanne ne naka.